Magani Kan Magani: Idan Ƙwayoyi Suka Haɗu a Ciki

"A haɗa min na ɗari biyar." Duk wanda ya taɓa tsayawa a kemis ɗin unguwa bayan magariba ya san wannan magana. Mai faɗinta lebura ne da ya wuni yana ɗaukar bulo, ko ɗan acaɓa, ko yaron da aka aiko da saƙon cewa jikin Inna duk ya mutu. Ɗan kemis ba ya tsawaita tambaya. Zai ɓalle farare biyu daga wannan kati, ja ɗaya daga wancan, ya ƙara kafso da wata 'yar mitsitsiya, ya ƙulle a leda, ya ce a sha ƙulli ɗaya yanzu, ɗaya da safe. Babu suna a jikin ledar. Wanda ya sha bai san me ya sha ba, kuma in abin ya ɓaci aka kwashe shi zuwa asibiti, likita ma ba zai sani ba.

Mun fi tsoron jabun magani, kuma da gaskiyarmu. Tun zamanin da marigayiya Dora Akunyili ta riƙe hukumar NAFDAC, daga 2001 zuwa 2008, aka koya wa mutane duba lambar hukumar da ranar lalacewa a jikin kwali. Sai dai akwai haɗarin da lambar NAFDAC ba ta tare shi: magunguna biyu na asali, kowanne mai amfani in an sha shi shi kaɗai, su haɗu a ciki su zama masifa. A watan Maris na 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangami kan cutarwar da ke biyo bayan kuskuren magani, ta ƙiyasta cewa irin wannan kuskure yana cin dala biliyan 42 duk shekara a duniya. A wajenmu, a ganina, tushen matsalar shi ne mara lafiya ɗaya yana karɓar magani daga hannu uku ko huɗu. Dattijo mai hawan jini yana da na asibiti, yana da na kemis don ciwon gwiwa, 'yarsa ta kawo masa wani tsaraba daga Saudiyya, maƙwabci kuma ya aiko da jiƙo a gora. Babu ɗaya cikin masu bayarwar da ya san abin da ɗan'uwansa ya bayar.

Mafi sauƙin kuskure shi ne shan magani ɗaya sau biyu da suna biyu. Babban mutum mai lafiyayyar hanta bai kamata ya wuce giram 4 na farasitamol a cikin awa 24 ba, wato ƙwaya 8 ta miligiram 500, da tazarar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Amma farasitamol yana cikin Panadol, yana cikin magungunan mura irin su Procold da Mixagrip, yana cikin kafson ciwon jiki da yawa. Mai mura da zazzaɓi zai sha wannan don ciwon kai, wancan don majina, na uku don kasala, alhali duk abu ɗaya yake tarawa. Muguntar abin ita ce hanta ba ta kuka a ranar farko. Sai bayan kwana biyu ko uku ido ya yi shawara, a lokacin ɓarnar ta yi nisa. Mai ciwon hanta, da mai shan giya, da wanda ciwo ya ramar, iyakarsu ba ta ma kai giram 4 ɗin ba.

Waɗanda suka fi cika asibitocinmu da aiki su ne dangin maganin ciwon jiki da kumburi: ibufurofen, daiklofenak, Feldene, da asfirin, wanda shi ne ke cikin garin Alabukun tare da sinadarin kafin. Sunansu daban, launinsu daban, amma 'yan gida ɗaya ne, kuma aikinsu ɗaya: suna tsayar da wani sinadari da jiki ke yi mai kawo zafi da kumburi. To, wannan sinadarin shi ne kuma yake shafe bangon ciki da majina mai kariya, shi ne yake buɗe wa jini hanya zuwa ƙoda. Wanda ya haɗa biyu daga cikinsu bai ƙara samun sauƙi ba, ya dai ninka wa cikinsa da ƙodarsa aiki. Daga nan ake samun gyambon ciki mai zubar jini, mutum ya ga bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin mai danƙo, ya ce basir ne, ya nemi maganin basir. In a cikin ƙullin akwai firednisolon ko deksametazon, kamar yadda ake yawan sakawa don mutum ya tashi garau da safe ya yaba wa mai kemis, haɗarin zubar jinin ya ƙaru. Waɗannan biyun ne kuma ke cikin abin da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe. Suna tayar da suga da hawan jini, kuma wanda ya daɗe a kansu ba a yanke masa su rana ɗaya, sai a hankali a hannun likita. Garin neman ƙiba a samo rama ke nan.

A koma kan dattijon nan mai hawan jini. A ce likita ya ɗora shi kan lisinofiril ko losatan, da maganin sa fitsari irin Lasix. Haɗi ne mai kyau, ana rubuta shi kullum. Ranar da gwiwa ta dame shi ya aika a sayo daiklofenak, abu uku sun taru a kan ƙoda: ɗaya ya rage ruwan jiki, ɗaya ya matse hanyar da jini ke shiga, ɗaya ya sassauta ta fita, tacewa ta ragu. In aka yi rashin sa'a lokacin zafin Afrilu ne, ko gudawa ta same shi, cikin 'yan kwanaki fitsari zai ragu, ƙafa ta kumbura, a fara maganar wankin ƙoda. Ko ƙodar ta tsira, maganin gwiwar yana rage ƙarfin na hawan jinin. Likita zai auna ya ga jini ya hau, ya ƙara magani, bai san cewa abin da ke tayar da shi yana aljihun babbar rigar mara lafiyar ba. Haka ma magungunan mura masu buɗe hanci, su ma suna tayar da jini. Mai ciki kuwa ta nisanci dangin daiklofenak gaba ɗaya, musamman daga wata na biyar, sai wanda likita ya rubuta mata da sani.

Wani faɗan tun a hanji ake yin sa, kafin magani ya shiga jini. An ce wa mutum yana da taifod, an ba shi Cipro, bakinsa ba daɗi, sai ya kora da fura da nono. Sinadarin kalsiyam da ke cikin nono yana kama maganin ya riƙe, wani kaso ya wuce ta bayan gida bai yi aikin komai ba. Haka kafso ja-da-yalo yake yi da madara. Maganin ƙwannafi irin Gestid da Mist Mag, da ƙwayar ƙarin jini, da zinki, sun fi nono ma kamawa, shi ya sa ake cewa a sha Cipro awa 2 kafin su ko awa 6 bayansu. Wannan ƙa'ida ta shafi masu shan TLD, ƙwayar da yawancin masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ke sha yanzu. Ita kuma ƙwayar ƙarin jinin ba ta shiri da shayi, don ganyen shayi yana hana ƙarfen da ke cikinta shiga jiki, ga shi mai ciki ta fi son ta haɗiye ta a wajen karin kumallo. Maganin da ya shiga rabi-rabi bai kashe ƙwayar cuta ba, ya dai koya mata yadda za ta jure masa.

Maganin zazzaɓin cizon sauro irin Coartem da Lonart shi akasin haka yake. Yana son maiƙo. In aka sha shi da madara, ko ƙosai, ko kunun gyaɗa, ya fi shiga jini, in aka sha a kan yunwa da ruwa zalla kaso mai yawa yana lalacewa. Sha shida ne a kwana uku, na biyu bayan awa 8 da na farko, kuma jin sauƙi a rana ta biyu ba dalilin ajiye sauran don wani zazzaɓin ba ne. Don haka babu doka ɗaya ta "kafin abinci" ko "bayan abinci" da ta hau kan kowane magani. Dole a tambaya, ɗaya bayan ɗaya. A wajen awon ciki ma akwai irin wannan: matar da ke shan Septrin kullum saboda garkuwar jiki ba a ba ta Fansidar ɗin rigakafin zazzaɓi, don dangi ɗaya ne, kuma folik asid mai miligiram 5 yana rage wa Fansidar ƙarfi.

Inda lamarin ya fi ɓuya shi ne hanta. Hanta kamar injin niƙan unguwa take, kowane magani yana bin layi a niƙe shi a fitar. Wani magani yana sa injin gudu fiye da ƙima, wani kuma yana tsayar da shi kwanukan su taru. Sarkin masu sa gudu shi ne rifamfisin, jigon maganin tarin fuka da ake sha wata shida, wanda ke mayar da fitsari ja. Jan fitsarin ba komai ba ne. Abin lura shi ne yana sa hanta ta niƙe ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a dantse kafin su yi aiki, kuma wannan tasiri yana ci gaba kusan mako huɗu bayan an gama shan maganin. Mace ta sa ashana a asibitin unguwa, tana karɓar maganin tari a wani asibitin, sai ciki ya bayyana a lokacin da jikinta ya fi kowane lokaci rauni, a ce ashanar ce jabu. Allurar wata uku da robar mahaifa ba su da wannan matsala, da an tambaya da an sauya mata. Magungunan farfaɗiya irin Tegretol da fenobabiton su ma irin aikin rifamfisin suke yi. Mai shan TLD da ya kamu da tarin fuka kuwa ana ƙara masa ƙwaya ta biyu da yamma saboda wannan dalili.

Masu tsayar da injin sun fi saurin kisa. Wafarin, maganin tsinka jini da ake ba waɗanda aka sauya wa bawul a zuciya ko masu gudan jini a ƙafa, tazarar da ke tsakanin amfaninsa da illarsa ƙanƙanuwa ce. Flagyl, Septrin da Diflucan, waɗanda ake saye kamar gyaɗa don ciwon ciki da ciwon sanyi, duk suna hana hanta fitar da shi. Cikin 'yan kwanaki dasashi ya fara jini, haɓo ya ƙi tsayawa, ko jini ya ɓalle a ƙwaƙwalwa. Ganye kamar zogale da alayyahu suna yin akasin haka saboda bitamin K da ke cikinsu. Ba a hana mai wafarin cin ganye, ana dai so ya ci daidai yadda ya saba, kada wannan mako kwaɗon zogale kullum, mako mai zuwa ko ɗaya. Septrin yana kuma tara Daonil, maganin suga, a jikin mai shan sa, sugan ya faɗi warwas, tsoho ya fara gumi da sambatu, a gida a ɗauka iska ce ko shanyewar ɓarin jiki, alhali in yana iya haɗiya, ruwan sukari ne taimakon farko kafin a kai shi asibiti.

Littattafan Turawa sun cika da labarin garehul, babban lemon nan mai ɗaci, wanda David Bailey da abokan aikinsa a Kanada suka gano a 1989, bisa tsautsayi, cewa yana ninka ƙarfin wani maganin hawan jini. Gaskiya ne, amma ba kasafai yake zuwa faifanmu ba. Goro ya fi kusa da mu. Cipro yana jinkirta fitar kafin daga jiki, shi ya sa ma'abocin goro ko shayi mai kauri ke jin zuciya na bugawa da rashin barci in yana shan sa.

Sai magungunan da ake sha a ɓoye, waɗanda ko an tambaya ba a faɗa. Viagra, da ya fito a 1998, da 'yan'uwansa suna buɗe hanyoyin jini. Maganin ciwon ƙirji na masu ciwon zuciya, irin Isordil da wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe, shi ma buɗewa yake yi. In suka haɗu jini yana iya faɗuwa ƙasa har mutum ya sume ko ya tafi gaba ɗaya. Wanda ya ce shi na gargajiya yake sha kada ya saki jiki, don hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sinadarin Viagra a ɓoye cikin zuma, shayi da ruwan kwalba da ake tallatawa da sunan maganin maza na itatuwa. Masu sayen nan kuwa yawanci magidanta ne da suka manyanta, wato daidai masu ciwon zuciya da suga.

A 2018, bayan rahoton BBC kan yadda matasa ke shan maganin tari mai kodin, gwamnatin Najeriya ta haramta yin sa da shigo da shi. An yi ta magana kan jaraba, amma ba a cika bayyana yadda mutuwar ke zuwa ba. Kodin, turamadol, Valium, Rohypnol da giya duk suna danne wurin da ke kula da numfashi a ƙwaƙwalwa. Biyu ko uku a tare, sai yaro ya kwanta yana wani irin minshari, abokai su ce a bar shi ya huta. Turamadol yana da wata illar daban: yana kawo jijjiga, kuma in ya haɗu da maganin damuwa irin amitiriftilin, wanda ake ba masu suga don zafin tafin ƙafa, yana iya tayar da zazzaɓi mai tsanani, karkarwa da ruɗewa. Irin wannan haɗuwa ce ta kashe Libby Zion, budurwa 'yar shekara 18, a wani babban asibiti na birnin New York a watan Maris na 1984. Tana shan wani maganin damuwa, likitocin da ke kwanan aiki suka yi mata allurar fetidin, da safe ta rasu. Fafutukar mahaifinta ce ta kai ga dokar jihar ta 1989 da ta taƙaita aikin likitoci masu neman ƙwarewa zuwa awa 80 a mako. Wannan ya faru a inda ake da fayil da komai a rubuce.

Game da maganin gargajiya, ba na cikin masu cewa duk shirme ne. Kwinin daga ɓawon itace aka samo shi, kuma sinadarin da ke cikin Coartem daga wani tsiro dangin tazargade Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da shi, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Amma wannan hujja ce a kan masu cewa "ai itace ne, ba ya cutarwa". Duk abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin karo da wani. Soɓo yana sauke jini kaɗan, tafarnuwa da citta in an mayar da su magani ana sha da yawa suna ƙara tsinka jini, sassaƙen da ke sauke suga in ya haɗu da na asibiti suna iya sauke shi fiye da kima. Kanwa cike take da gishiri, kuma tun shekarun 1970 likitoci a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar masu jego. Matsalar jiƙo ita ce ba a san awonsa ba. Gorar yau da ta gobe ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma mutane suna ɓoyewa, kuma ban ga laifinsu su kaɗai ba. Wanda ya taɓa faɗa wa malamin asibiti cewa ya sha dauri aka yi masa tsawa gaban jama'a, ba zai sake faɗa ba. Yadda ake tambayar ma da gyara. "Kana shan wani magani?" amsarta kullum "a'a" ce, don a wajen mutane da yawa Panadol da jiƙo da maganin ƙarin kuzari ba sa cikin lissafi. Likitan da ya ce, "Baba, in ƙafar nan ta hana ka barci, me kake sha?" shi zai ji gaskiya. Daga ɓangaren iyali, abin da ya fi kowace dabara aiki shi ne a tattara duk abin da mara lafiya ke sha, da kwalinsa, har gorar jiƙon da man shafawa da maganin ɗigawa a ido, a zuba a leda a tafi da su asibiti. In ba za a iya ɗauka ba, a ɗauki hotonsu a waya. A gidan da tsoho ke shan magani biyar ko shida, a samu mutum ɗaya cikin 'ya'ya da zai riƙe lissafin, maimakon kowa ya zo gaisuwa da nasa.

Lasisin da Hukumar Kula da Harkar Haɗa Magunguna ta Najeriya ke ba masu kemis na magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne kawai. Kowa ya san ba haka ake yi ba, kuma kowa ya san dalili: a ƙauyuka da yawa ɗan kemis shi ne likita, shi ne nas, shi ke ba da bashi. Kiran a rufe su duka magana ce ta wanda ke zaune kusa da babban asibiti. Abin da za a iya nema a wajensu yau, ba tare da kashe ko sisi ba, shi ne su daina ɓalle ƙwaya daga katinta, su rubuta suna a jikin leda, su tambayi mai saye ko yana da hawan jini, olsa ko ciwon ƙoda, in mace ce ko tana da ciki. Mai saye kuma yana da ikon ya ce, "Malam, rubuta min sunansa." Wanda magani ya yi wa illa yana iya kai rahoto ga NAFDAC ta manhajar Med Safety.

Kada mai karatu ya ajiye maganin hawan jini, na farfaɗiya, na tarin fuka ko na garkuwar jiki saboda abin da ya karanta a nan. Yanke su kwatsam yana da nasa haɗarin, kuma yawancin haɗuwar da aka ambata ana gyara ta ne da sauya lokaci, ko awo, ko magani ɗaya cikin biyun. Amma kumburin fuska ko leɓe, sarƙewar numfashi, ƙuraje masu saɓule fata da baki, baƙin bayan gida, aman jini, ɗaukewar fitsari, ko barcin da aka kasa tayar da mutum daga shi, waɗannan ba sa jiran gari ya waye.

Azumi yana da nasa hukuncin. Maganin da aka tsara a raba shi sau uku a wuni, mai azumi yakan tattara shi tsakanin buɗa-baki da sahur, har ma ya haɗa waɗanda aka ce a raba su da awa shida, ya kora da kunu ko shayi da madara. Daiklofenak a kan cikin da ya wuni babu komai, maganin fitsari da sahur a watan zafi, cikakken awon Daonil da asuba sannan a wuni ba ci, duk abubuwa ne da likita zai iya sauya wa tsari in an je masa tun watan Sha'aban. Ƙa'idar da likitocin suga suka fitar tare da shawarar malamai ita ce mai ciwon suga ya riƙa auna jininsa da rana, don tsaga ɗan yatsa ba ya karya azumi, kuma ya sha ruwa nan take in awon ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko da saura minti goma a kira sallah.